Sauke Mataccen Injin Mota da Ɗora Wani a Ƙofar Gida: Bayanin Aikin da Kalmominsa a Malam Madori

Tsakure

Nazarin sana'o'in Hausawa ya fi karkata ga na gargajiya irin su ƙira da jima da saƙa da dukanci, alhali kanikanci ya daɗe da zama hanyar cin abincin ɗimbin Hausawa, kuma da Hausa ake koyar da shi baki da baki. Wannan maƙala ta ɗauki aiki guda daga cikin manyan ayyukan sana'ar, wato sauke injin mota da ya lalace da ɗora wani a madadinsa, kamar yadda ake yin sa a ƙofar gida a Malam Madori da kewayenta. An bayyana abubuwan da ke kashe inji a yankin fadamar Haɗeja, da yadda ake yanke shawarar canji, da matakan aikin ɗaya bayan ɗaya, sannan aka dubi kalmomin da ake gudanar da shi da su. Maƙalar ta nuna cewa sunayen sassan inji galibinsu aro ne, amma aikatan da ke ɗauke da ainihin ilimin aikin na Hausa ne.

1.0 Gabatarwa

A wajen mai motar haya, inji shi ne rabin jari. Duk ranar da aka ce masa injin ya buga, abincin gidansa ya tsaya, kuma shawarar da zai yanke a 'yan kwanakin da ke biye ita za ta nuna ko zai koma kan hanya ko zai shiga bashi. A garuruwa irin su Malam Madori, ba kasafai ake jan irin wannan mota zuwa babban gareji na birni ba. Akan tura ta inuwar darbejiya a ƙofar gida ko cikin wani fili da aka kewaye, a kira bakanike da yaransa, a yi aikin a nan cikin kwana biyu ko uku.

Aikin yana da tsari wanda ba a tsallake matakansa, kuma tsarin ba a rubuce yake ba. Yana cikin kawunan kanikawa, daga nan yake wucewa zuwa ga yaransu ta hanyar kallo da umarni da tsawa. Manufar wannan maƙala ita ce ta shimfiɗa tsarin a rubuce, ta kuma jawo hankalin manazarta Hausa ga harshen da ke riƙe da shi.

2.0 Malam Madori da Motocinta

Malam Madori ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗeja, a Jihar Jigawa wadda aka cire daga Jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991. Garin ya bunƙasa ne a matsayin tashar jirgin ƙasa a kan layin dogo na Kano zuwa Nguru, wanda ya isa Nguru a 1930, kuma ta nan ake fitar da gyaɗar ƙasar Haɗeja a zamanin mulkin mallaka. Da harkar jirgin ƙasa ta ja baya, sai nauyin sufuri ya koma kan mota.

Motocin da suka ɗauki wannan nauyi sun zo zubi biyu. Zubi na farko shi ne na motocin da ake harhaɗawa a cikin ƙasa, musamman Peugeot 504 wadda kamfanin PAN na Kaduna, da ya fara aiki a 1975, ya cika hanyoyin Arewa da ita. Zubi na biyu shi ne na motocin da aka yi amfani da su a Turai aka shigo da su ta Legas da Kwatano, irin su Volkswagen Golf da Sharan da Toyota Hiace. Bambancin zubin biyu ya shafi aikin da ake magana a kai. Injin 504 a miƙe yake daga gaba zuwa baya, yana tura tayoyin baya, ga kuma sarari a kewaye da shi. Injin Golf kuwa a gicciye yake, yana jan tayoyin gaba, kuma a matse yake da giyabos cikin ƙaramin wuri.

3.0 Abubuwan da Ke Kashe Inji a Yankin Fadama

3.1 Shan Ruwa

Kogin Haɗeja yana samun ruwansa ne daga kogin Kano da na Challawa, waɗanda aka datse da madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. A watannin Agusta da Satumba, idan ruwan sama ya haɗu da wanda aka sako daga madatsun, ga kuma ciyawar kacala da ta toshe magudanai, kogin yakan tumbatsa ya hau kan hanyoyi. Ambaliyar 2001 da ta 2022 na daga cikin waɗanda suka yi ɓarna mai yawa a yankin. A irin wannan lokaci direba yakan iske ruwa ya rufe titi, fasinjoji kuma suna matsa masa ya ratsa.

Inji yana aiki ne ta hanyar shaƙar iska, ya gauraya ta da fetur, fistin ya matse su a cikin silinda zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma na girmansu, sannan fulogi ya kunna musu wuta. Iska tana matsuwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa. A inji mai silinda 4 da girman lita 1.8, kowace silinda ba ta kai rabin lita ba, kuma sararin da ke raguwa idan fistin ya kai ƙarshen hawansa bai wuce kimanin mililita 50 ba. Wato ruwan da bai cika ƙaramin kofin shayi ba ya isa ya tare fistin. Idan haka ta faru inji na gudu, ƙarfen da ke haɗa fistin da karanshaf yakan lanƙwashe ko ya karye, wani lokaci har ya huda bulok ya leƙo waje. Sau da yawa ɓarnar ba a cikin ruwan take kammala ba. Motar takan mutu ne kawai, sai direba ya yi ta murza makulli ko ya sa a tura, a nan ne ƙarfen ke karyewa.

3.2 Tafasa

Injin fetur yana aiki daidai ne idan zafin ruwansa yana wajen digiri 90. A bazara, lokacin da zafin gari ke haura digiri 40, motar da aka yi wa lodi fiye da kima, mai lagireto da laka ta toshe, ba ta daɗewa take tafasa. Tafasa kan ƙona gaskit, ta kuma karkatar da kan inji, wanda a yawancin motocin yanzu na alminiyam ne. Alamarta ita ce baƙin mai ya koma kalar shayi mai madara, ko farin hayaƙi ya riƙa fita ta salansa.

3.3 Ƙura da Ƙarancin Baƙin Mai

Arewacin yankin ƙasar jigawa ce mai yashi, kuma hunturu na zuwa da ƙura mai laushi. Idan matatar iska ta yage ko aka cire ta, ƙurar takan shiga ta cinye ringi da bangon silinda, sai inji ya fara shan baƙin mai yana fitar da shuɗin hayaƙi. Idan man ya ƙare ba a lura ba, metal ɗin da karanshaf ke juyawa a kansa ya narke. Wannan shi ne asalin abin da ake kira bugawar inji.

4.0 Gyara ko Canji

Ba kowane lalataccen inji ake canjawa ba. Idan ringi ne kawai suka gaji ko gaskit ya ƙone, gyara ya fi sauƙi. Idan karanshaf ya ci, ana iya kai shi wurin masu yanka a rage shi kaɗan a sa masa metal mai kauri. Amma idan bulok ya tsage ko ya huje, ko kuma aka lissafa kuɗin sassa da na aiki aka ga sun kusa kuɗin wani injin, to canji ya zama dole.

Kusan duk injin da ake ɗorawa tsoho ne da aka ciro daga wata mota a ƙasar waje, wanda ake kira ɗan Beljiyam ko tokumbo. Mutanen ƙasar Haɗeja sukan neme shi a Kano, musamman a kasuwar Ƙofar Ruwa, wasu kuma sukan yi saƙo daga Panteka ta Kaduna ko Ladipo ta Legas. Tun da darajar naira ta faɗi bayan sauyin tsarin canjin kuɗi na watan Yunin 2023, farashin waɗannan injuna ya tashi ƙwarai, abin da ya sa kuskure wajen saye ya zama asara mai wuyar farfaɗowa.

Saboda haka mai mota ba ya tafiya kasuwa sai da bakanikensa. Bakanike zai duba harufan da aka buga a jikin bulok domin ya tabbatar injin irin na motar ne, domin mota ɗaya tana iya zuwa da injuna iri-iri masu kama da juna. Zai juya karanshaf da sifana ya ji ko yana zagayawa ba tare da cijewa ba, ya cire fulogi ya dubi kalarsu, ya buɗe murfin mai ya leƙa ko akwai daskararren datti. Zai kuma nemi alamar ko an taɓa kwance injin a nan gida aka wanke shi aka sayar a matsayin ɗan waje, domin kan kusoshi ba ya ɓoye sawun sifana. Daga nan sai a yi yarjejeniya kan kwanakin gwaji, a karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin. Rasit ɗin yana da muhimmanci, domin lambar inji tana rubuce a takardun mota, kuma ya kamata a kai shi ofishin lasisi a gyara takardun kafin jami'an hanya su ga saɓani.

5.0 Sauke Tsohon Inji

Matakin farko shi ne shirya wuri. Injin ƙaramar mota mai silinda 4 ya fi buhun gero nauyi, idan kuma an haɗa da giyabos nauyin ya ƙaru sosai. Jak da aka kafa a kan yashi yana nutsewa ko ya karkace, don haka akan shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashinsa, a tokare tayoyin baya, sannan a tallafe motar da guntayen gungume. Bakaniken kirki ba ya barin yaro ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A bisa injin kuma akan kafa ƙarafa uku masu haɗuwa a sama a rataya cenbulok, wato sarƙa mai ƙugiya da ake ja da hannu. Wasu sukan rataya shi a reshen itace, amma reshen darbejiya yana iya tsagewa ba tare da ya ba da alama ba.

Daga nan sai a cire kan batir, a fara da na baƙar waya, domin idan sifana ta taɓa jikin mota kada wuta ta tashi. Sai a cire bonet, a zubar da ruwan lagireto, a tsiyaye baƙin mai cikin mazubi. A yankin fadama ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa, saboda haka zuba tsohon mai a ƙasa kusa da rijiya ɓarna ce da ke shafar unguwa duka.

Mataki na gaba shi ne raba inji da duk abin da ya haɗa shi da jikin mota: tiyon ruwa, da bututun fetur, da wayar totur, da wayoyin lantarki, da bakin salansa. Nan ne aikin ƙofar gida ya fi samun matsala, domin abin da aka kwance yau sai jibi za a mayar da shi. Kanikawa sukan zuba kusoshin kowane sashe a gwangwaninsa daban, ko su mayar da kowace kusa raminta bayan an cire abin da ta riƙe. Yanzu kuma wasu kan ɗauki hoton wayoyi da wayar hannu kafin su taɓa su. Idan motar tana da na'urar sanyaya ɗaki, akan kwance famfonta daga jikin inji a ɗaure shi gefe ba tare da an buɗe bututunsa ba.

A mota irin 504, ana iya raba inji da giyabos a bar giyabos a wurinsa a tokare shi. A mota irin Golf kuwa, sau da yawa ya fi sauƙi a zare sandunan da ke juya tayoyin gaba a fito da inji da giyabos tare. Ko wanne aka zaɓa, sai an ɗaura sarƙa ta ɗauki nauyin injin kafin a kwance mazauninsa. Sannan a ja a hankali, ɗaya yana ja, ɗaya yana karkata injin, maigida kuma yana leƙawa ko akwai wayar da aka manta. Idan inji ya ƙi tasowa, ƙa'ida ita ce a tsaya a nemi abin da ya riƙe shi, domin ƙara ƙarfi yana tsinka waya ko ya fasa giyabos.

6.0 Ɗora Sabon Inji

Kafin a ɗora, akan ajiye injunan biyu kusa da juna a kwatanta su. Abin da babu a jikin sabon, ko wanda bai dace da motar ba, sai a ciro daga tsohon: kikstata, da altaneto, da hannuwan mazauni, wani lokaci har da nozul da wayoyinsu. Duk ramin da ke buɗe akan toshe shi da tsumma saboda ƙura. Wannan ne kuma lokacin da ya fi dacewa a canja abubuwan da ba a kaiwa gare su sai inji na ƙasa, kamar taimin bel da faifan kuloci da robar da ke hana mai zuba ta bayan karanshaf. Mai mota yakan so ya tsallake su saboda kuɗi sun ƙare a kasuwa, amma araha ba ta ado: a injuna da yawa, tsinkewar taimin bel kaɗai ta isa ta sa fistin ya daki bawul, a koma gidan jiya.

Wurin da ya fi buƙatar haƙuri shi ne haɗa inji da giyabos. Dole ne faifan kuloci ya zauna a tsakiya daidai, sandar giyabos ta shige cikinsa, fuskokin biyu su haɗu da kansu. Jawo su da kusa alhali ba su daidaita ba yana fasa ƙarfe. Bayan sun haɗu sai a zaunar da inji a mazauninsa, a mayar da duk abin da aka kwance, na ƙarshen cirewa ya zama na farkon mayarwa. A motocin da ke da birenbos, wato na'urar da ke sarrafa mai da wuta, akan kira mai gyaran waya, domin idan na'urar ba ta dace da injin ko da makullin motar ba, injin ba zai tashi ba ko da lafiyarsa ƙalau.

Akwai mataki ɗaya wanda shi ne ke raba gwani da ɗan koyo, wato komawa kan abin da ya kashe injin farko. Idan ruwa ya sha, to akwai sauran ruwa da laka a akwatin matatar iska da bututunta, wataƙila har a tankin mai da giyabos. Idan tafasa ya yi, to lagireto da fanka da famfon ruwa su ne abin tuhuma. Wanda ya ɗora sabon inji a kan tsohuwar cuta, ba da jimawa ba zai sake komawa Ƙofar Ruwa.

Ranar tayarwa, akan zuba sabon baƙin mai da ruwa, a cire fulogi a juya injin na ɗan lokaci domin mai ya zagaya kafin wuta ta kama. Idan ya tashi, idon maigida yana kan jar fitilar mai, wadda ya kamata ta mutu cikin 'yan daƙiƙoƙi. Idan ta ƙi, a kashe nan take. Sai a bar shi ya yi zafi har fanka ta tashi, ana duba yoyo, ana saurare. Tsohon injin kuma ba ya zama shara. Akan cire sassan da ke da sauran amfani, bulok ya tafi wurin 'yan gwangwan, fistin da sauran alminiyam kuma su ƙare a hannun masu zubin tukwane.

7.0 Harshen Aikin

7.1 Sunaye

Yawancin sunayen sassa daga Ingilishi aka aro su, aka kuma hore su bisa tsarin sautin Hausa. An raba cunkoson baƙaƙe da wasali a kalmomi irin su sifana da fulogi da bulok da birki. Sautin /p/ ya koma /f/ a fistin da famfo da fulogi. Wasu kuma, irin su lagireto da kafireto, sun sauya har mai jin Ingilishi ba zai gane asalinsu da sauri ba. Akwai faɗaɗa ma'ana a salansa, wadda asali sunan tukunyar rage ƙara ce, amma a Hausa ta zama sunan bututun hayaƙi gaba ɗaya. Beljiyam sunan ƙasa ne da ya koma sunan matsayin kaya, tokumbo kuwa daga Yarbanci ta shigo ta hanyar kasuwannin Legas. Ƙirƙira ta cikin gida ba ta da yawa, amma akwai ta, kamar baƙin mai da kan inji.

Sunan mai sana'ar ma abin lura ne. An aro makaniki, sai Hausawa suka ɗauki ma- ta farkonsa a matsayin ɗafa-goshi irin na maƙeri da masaƙi, suka ware saiwar kanik-, suka gina bakanike da kanikawa bisa tsarin Bakano da Kanawa, sannan kanikanci bisa tsarin dukanci.

7.2 Aikatau da Amsa-kama

A ɓangaren aikatau lamarin ya sha bamban, domin aron ba shi da yawa. Ana siffanta inji ne kamar abu mai rai: yana tashi, yana mutuwa, yana shan mai, yana tari, yana gajiya, yana cijewa. Sauke da ɗora, waɗanda su ne sunan aikin kansa, su ne dai ake yi wa tukunya a murhu da kaya a kan jaki. Ajujuwan aikatau da F. W. Parsons ya tsara a 1960 suna aiki a fili cikin umarnin da maigida ke ba yaro. Zaro da ciro da sauko, na aji na 6, suna nuna abin ya taho wajen mai magana, wanda ke da muhimmanci idan ɗaya yana ƙarƙashin mota ɗaya yana sama. Gyaru da ɗauru da haɗu, na aji na 7, suna nuna ko aiki ya yiwu ko ya kammalu, shi ya sa hukuncin da mai mota ke jira shi ne a ce masa injin zai gyaru ko ba ya gyaruwa.

Gano cuta kuwa da amsa-kama ake yin sa. Injin da ya sha ruwa yakan tsaya cak, kusa ana ɗaure ta tamau, kuma yaro yana koyon bambance ƙwas-ƙwas mai sauƙi ta saman inji da gwaf-gwaf mai nauyi ta ƙasansa, domin ta farko gyara ce ta yini ɗaya, ta biyu kuwa alamar saukewa ce. Girma tsakaninsu ma a harshe yake bayyana: yaro yana kiran mai koya masa Oga ko Maigida, bakanike yana kiran mai mota Alhaji ko Malam, kammala koyo kuma yaye ake ce masa, kamar na jariri.

8.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa sauke inji da ɗora wani a ƙofar gida aiki ne mai tsari, wanda nasararsa ta rataya a kan abubuwa uku: gano abin da ya kashe injin farko, da zaɓen wanda ya dace, da bin matakai ba tare da gaggawa ba. An kuma ga cewa Hausa ta karɓi sunayen ƙarafan daga waje, amma ta riƙe aikatau da amsa-kamanta wajen bayyana abin da ake yi da su. Ƙamusun Bargery na 1934 ya fito ne tun mota tana baƙuwa a ƙasar Hausa, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 kuma na gama-gari ne, ba na sana'a guda ba. Kalmomin zamanin kafireto sun fara gushewa tare da motocin da suka zo da su, na zamanin birenbos kuma suna shigowa. Tattara su daga bakin kanikawan Malam Madori da Haɗeja da Gumel, da kwatanta su da na Maraɗi da Damagaram inda aron ya fito daga Faransanci, aiki ne da ke jiran masu nazarin harshe da al'ada tun tsofaffin masu sana'ar suna raye.